Yadda Za Ki Zaɓar wa 'Yar Yayanki Makarantar Likitanci a Ƙasar Waje, Ko Ba a Tambaye Ki Ba

'Yar uwa, gyara zama. Idan a danginku akwai yarinyar da makarantun likitanci na ƙasar waje suke rububinta, kuma har yanzu ba wanda ya nemi shawararki, to kukanki ya ƙare. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan, yarinya za ta tafi makarantar da ta dace, kuma duk wanda ya tashi ba da labari sai ya sako ki a ciki. Ban ce da alheri zai sako ki ba, amma zai sako ki.

Ni ce shaida. Sana'ata ɗinkin labule da zanin gado, shagona yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A gida Rediyo suke ce min, wai ba na yin shiru sai an ɗauke wuta. Hassada ce kawai. Yayana mai gyaran firij ne, mutumin da in ya yi magana uku a yini to ranar ya yi surutu. 'Yarsa ta fari muke kira Allura, domin tun tana rarrafe take bin ƙafafun mutane da murfin biro tana yi musu allura. Sau biyu tana neman likitanci a jami'ar gida, sau biyu suna ba ta ilimin tsirrai. Da ta gaji ta nema a waje, makarantu uku suka ce ta zo. A nan aikina ya fara.

Mataki na 1: Ki naɗa kanki

Kada ki jira gayyata. Ba za ta zo ba.

Ranar da labari ya iso ni, almakashi na hannuna, na ajiye shi a kan labulen mutane, na ja ƙofar shago, na hau mota. Na tarar da su a falo. Yaya yana zaune a ƙasa da injin fanka a gabansa, matarsa tana ta shiga da fita ba ta san abin da take nema ba, Inna mahaifiyarmu tana kan doguwar kujera ta miƙe ƙafa, Allura kuma ta baje takardu a kan tebur.

Ki nemi kujerar da ta fi kusa da takardun. Ki sa tabarau, ko da na rana ne. Ki ɗauki takarda ɗaya ki daɗe kina kallonta, sannan ki ce, "Hmm. Allah ya sa na zo da wuri."

Allura ta ce, "Goggo, a kife kika riƙe ta."

Na ce, "Hatimin nake dubawa. Na jabu ta haka ake gane shi."

Yaya ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai kan fankarsa. A gidanmu wannan shi ake kira amincewa.

Mataki na 2: Ki raɗa wa makarantun suna

Sunayensu na asali ba na bakin mutum ba ne. Ɗaya ma sai kin yi kamar za ki yi kaki kafin ya fita. Ƙwararriya ba ta bari a ji ta tana tuntuɓe, don haka ki sake musu suna da kanki.

Ta farko na ce mata Ta Sanyi. Tsohuwar makaranta ce mai suna, gininta kamar fada, amma a duk hotunanta ba mutum ɗaya da ake ganin kunnensa, kowa ya naɗe. Kuma ƙasar ba ta ga maciji da maƙwabciyarta.

Ta biyu Ta Teku. Tsibiri ne, ruwa shuɗi, yashi fari tas, ɗalibai suna dariya a ƙarƙashin bishiyar kwakwa da abin awon ƙirji a wuya. Ni dai ban san wa suke aunawa a bakin ruwa ba, amma hoton ya shiga raina.

Ta uku Ta Cunkoso. Birni ne mai hayaniya, ginin makarantar ruwan toka kamar ma'ajiyar siminti, asibitinta kuwa cike da mutane har kan matakala. Wanda ya ɗauki hoton ma da alama ture shi aka yi.

Maman Allura tana son Ta Sanyi, domin likitan da ya yi mata aiki a can ya yi karatu, kuma har yau tabon bai taɓa yi mata ƙaiƙayi ba. Yaya yana son Ta Teku, domin bai taɓa jin sunanta a labarai ba. Inna ba ta son ko ɗaya. Allura kuwa, ki lura, ba wanda ya tambaye ta. Kada ke ma ki tambaya. Zai rage miki aiki, kuma aikin nan shi ne darajarki.

Mataki na 3: Ki auna tsaro da yatsa

Za a tayar da maganar tsaro. Ki shirya.

Ki buɗe taswira a waya. Ki nemo garin makarantar, ki nemo bakin iyakar da ake rigima, ki ɗora yatsa tsakaninsu. A Ta Sanyi yatsana ɗaya ya rufe su duka biyun, Maman Allura ta dafe ƙirji. Sai na sa yatsu biyu na buɗa taswirar, iyakar ta ja baya. Na ƙara buɗawa, ta fice daga wayar gaba ɗaya.

Na ce, "Kun gani? Rigimar ma ba ta cikin wayar."

Allura ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

Yaya ne bai yi dariya ba. Ya ajiye sukundireba ya ce, "Ɗan malamar makarantar nan ta bayan layinmu fa?"

Kowa ya san labarin. Yaron yana ajinsa na biyar a wata ƙasa irin wannan aka fara ruwan wuta. Kwana da kwanaki uwarsa tana zaune a bakin ƙofa da waya a cinya. Da ƙafa ya kai bakin iyaka, ya dawo gida da jakar goyo da takalmi wari daban-daban, ba ko takardar shaidar azuzuwan da ya gama. Yanzu yana aji biyu a wata makarantar, tare da sa'o'in ƙannensa.

Yaya ya ce, "Ni na riƙa kai wa uwar caji lokacin da ba wuta. Na ga fuskarta. Ba zan zauna irin zaman nan ba."

Idan aka zo irin wannan wuri, ki kashe wayar ki sa a jaka. Ki ce za ki duba ko ruwan shayi ya tafasa. Ƙwarewa ta haɗa da sanin lokacin shiga kicin.

Mataki na 4: Ki gwada ta da sanyi

Maman Allura ba ta haƙura da Ta Sanyi ba, ta ce ai garin makarantar lafiya lau yake. Na ce to, kafin a yi gardamar harsashi a fara gama ta sanyi. Yarinyar da ko ruwan firij ba ta sha sai ta surka, yaya za ta yi da ƙanƙara?

Akwai wani mai sayar da daskararren kifi da Yaya yake gyara wa ɗakin sanyi. Na je na ce masa bincike za mu yi na lafiya. Ya dube ni, ya dubi Allura, ya ce in dai ba za mu taɓa kaya ba.

Ki shiga tare da ita. Wannan shi ne kuskuren, wato shi ne sirrin. Jagora ba ta tsayawa a waje.

Muka zauna a kan kwalaye. Allura ta saka rigar sanyin babanta, ta buɗe littafinta na sassan jiki. Ni kuwa da mayafina mai shara-shara na shiga, domin na riga na gaya wa kowa cewa jinina mai zafi ne. Da farko na ba ta labarin juriya. Can sai na ji haƙorana suna wata magana da ban sa su ba. Hancina ya tafi, kunnuwana suka bi shi. Wani ƙaton kifi a kwalin da ke gabana ya zuba min ido, baki buɗe, kamar yana cewa ni ma da haka na fara.

Allura ta ce, "Goggo, leɓenki ya canja launi."

"Ja-ja-janbaki ne."

Ta rufe littafin, ta kama yatsuna ta duba, ta cire rigar babanta ta lulluɓa min, ta ja ni waje kamar akuya. Ta hana mai kifi ya kawo ruwan zafi, ta ce mai ɗumi za a kawo, a hankali. Ta zaunar da ni a rana tana murza min hannu har na dawo mutum.

Sati na yi ina mura. Amma ki rubuta sakamakon binciken yadda ya kamata: an gwada, an tabbatar sanyi ba shi da kyau ga iyali.

Mataki na 5: In kika ji kalmar da ba ki sani ba, ki riga kowa fassara ta

Ina kwance da mura a falonsu, domin mara lafiya a gidan da ya jawo masa ciwo yake jinya, sai na ji Allura tana ce wa mamanta, "Ni abin da ya fi damuna residansi ne."

Na yaye bargo. Na ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Wurin kwana ke nan. Ta Teku ta fi kowa. Kowane ɗaki da baranda, tagogi manya-manya, ni zan ɗinka labulen da kaina."

Allura ta zauna a gefena, ta yi min magana da irin muryar da ake lallashin wanda ya ƙi shan magani. Ta ce, "Goggo, ba ɗaki ba ne. In mutum ya gama digiri, sai hukumar likitoci ta yarda da makarantarsa, ya ci jarrabawarta, sannan wani asibiti ya ɗauke shi horon ƙwarewa a ƙarƙashin manyan likitoci. Shi ne residansi. In makarantar ba ta da asibitin kirki, ba ki taɓa mara lafiya da hannunki ba, sai ki dawo da kwali ki rataye a bango."

Na ce, "Abin da nake nufi ke nan. Ai a asibitin ake kwana."

Kada ki taɓa janye magana. Ki faɗaɗa ta kawai har gaskiya ta samu wurin zama a ciki.

Mataki na 6: Ki kai su wurin ejan

Kowace makarantar waje tana da ejan, mai shige da fice wajen nema wa ɗalibai gurbi. Na Ta Teku ofishinsa yana hawa na biyu, saman wani kantin tayoyi. Na riga na kai masa ziyara ni kaɗai, ya ba ni lemo mai sanyi da laima mai tambarin makarantar. Ba cin hanci ba ne. Ana ruwa a lokacin.

Na tattaro Yaya da Allura muka je. Ofis fes, bango guda hoton teku ne tun daga sama har ƙasa, kifaye masu launi suna yawo a cikin gilashi. Ejan saurayi ne mai fara'a, taye ja a wuya, turare kamar an fasa kwalba. Ya kira Yaya Baban Likita, ya kira ni Babbar Goggo. Nan take na ƙara yarda da makarantar.

Ya ce tsibirin ko ɓarawon kaza babu. 'Yan sanda har gyangyaɗi suke yi don rashin aiki. Na ga kafaɗun Yaya sun sauka, karo na farko tun da aka fara maganar tafiya.

Allura ta ce, "Yallaɓai, asibitin koyarwarsu gado nawa ne?"

Ya ce, "Ai mutanen tsibirin ba sa ciwo sosai. Iskar teku ce."

"To waɗanda suka gama, ina suke samun residansi?"

"Ko'ina. Duniya duka."

"Za ka iya haɗa ni da mutum ɗaya in yi magana da shi?"

Na taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ashe ƙafar Yaya ce.

Ejan ya yi dariya ya buɗe hannuwa. "Ga ni a gabanki. Ni ma can na gama." Ya nuna bango. Ga kwali kuwa a cikin firam mai ruwan zinariya, ga hotonsa da farar riga a bakin ruwa, yana dariya irin ta cikin tallar.

Allura ta daɗe tana kallon kwalin. Ba da rashin kunya ta yi tambayar ba, wallahi a hankali ta yi ta. Ta ce, "To Yallaɓai, a wane asibiti kake aiki?"



Ejan ya gyara biro a kan tebur. Ya sake gyara shi. Sai ya sa yatsa ya sassauta tayen. Ya ce, "Sau uku ina zama jarrabawar hukuma. Rubutun ina ci. In aka kai ni gaban mara lafiya sai in rasa ta inda zan fara. A can roba muka yi ta dubawa, mutum-mutumi. Har na gama ban karɓi haihuwa ko ɗaya ba." Ya dubi Yaya. "Baba, lafiya kam za ta zauna lafiya. Ba abin da zai taɓa ta. Ni ma ba abin da ya taɓa ni."

Yaya ya miƙe, ya ba shi hannu, ya riƙe hannun ya daɗe. Ya ce, "Allah ya ba ka sa'a a ta huɗu."

Muka sauko matakala. Ni dai na riƙe laimata. Kyauta ba a mayar da ita, rashin tarbiyya ne.

Mataki na 7: Ki goyi bayan kowa, amma a ɓoye

Daga ranar Yaya ya rufe maganar tafiya. Ta Sanyi akwai wuta, Ta Teku ba aiki, Ta Cunkoso kuwa ko hotonta ba ya son gani. Ya koma bayan Inna: yarinya ta zauna ta yi ilimin tsirranta, ai su ma tsirrai halittar Allah ne. Lokacin ba makarantu amsa yana ta matsowa. Allura ta daina fitowa falo. Murfin tukunya ya faɗi a gidan sai kowa ya zabura.

A irin wannan yanayi ƙwararriya take haskawa. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na samu Yaya a shagonsa, kansa cikin wani firij. Na ce, "Yaya, gaskiyarka. Ta zauna." Ya ce, "Uhm."

Na samu matarsa tana shanya. Na ce, "Ni fa Ta Sanyi nake so, kada ki bari a danne ki." Ta ce, "Allah ya bar mu tare, Goggon yara."

Na samu Inna. Na ce, "Ko tashar mota ba za ta je ba." Ta sa min albarka har da tofi.

Na samu Allura a ɗakinta, ta kifa kai a kan littafi. A nan ne, don ba yadda zan yi, na tambaye ta wacce take so. Ta ɗago, idanu jawur. Ta ce, "Ta Cunkoso, Goggo. Tun farko. Hukuma ta yarda da su, waɗanda suka gama suna cin jarrabawa, ƙasar ba ta faɗa da kowa. Asibitin nan da kike cewa kamar kasuwa, shi nake so. Mutane ne a ciki."

Na ce, "'Yata, ai ni tun ranar farko ita na zaɓa miki a zuciyata."

Yanzu duk inda abin ya faɗi, a kanki ya faɗi. Abu ɗaya kawai za ki kiyaye: kada su haɗu a ɗaki ɗaya.

Mataki na 8: In sun haɗu a ɗaki ɗaya

Ranar hutu da hantsi Yaya ya tara mu a falo don a rufe magana. Ya ce, "Na yanke. Za ta zauna. Ko Rediyo ta goyi bayana."

Matarsa ta ce, "Wace Rediyon? Ita da ta ce kada in bari a danne ni?"

Inna ta ce, "Ni ta ce wa ko tasha ba za a je ba. Har albarka ta karɓa."

Allura ta ce, "Goggo, ba ke kika ce tun ranar farko…"

Idanu takwas suka juyo kaina. Ki nemi ƙofa. In ta yi nisa, ki ɗauki kofi ki yi ta shan abin da babu a ciki.

Inna ce ta fara. Ta ce, "Dawo min da albarkata." Matar Yaya ta fashe da dariya har ta zame daga kujera. Allura ta bi. Sai ga wani sauti da na manta da shi tun muna yara, kamar injin da ya daɗe bai tashi ba. Yaya ne yake dariya, har da share hawaye da bakin riga. Ya nuna ni ya kasa magana, da ƙyar ya ce, "Har da laima!"

Kafin dariyar ta huce Allura ta durƙusa a gabansa da waya a hannu. Ta ce, "Baba, ban taɓa roƙonka ka saurari kowa ba. Akwai wata 'yar ajin ƙarshe a Ta Cunkoso, mun daɗe muna magana. Ka yi mata tambaya ɗaya. In ba ka gamsu ba, na zauna, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ya dube ta. Ya ce, "Kira ta."

Fuska ta fito a waya, wata doguwar yarinya da farar riga duk ta yamutse, idanu kamar ba su san barci ba. Bayanta ana ta tura gadaje, wani jariri yana tsala ihu. Ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Inna ta ƙwace wayar ta kanga a kunne, yarinyar ta yi ta kallon cikin kunnen Inna, aka ƙwato da ƙyar.

Inna ta ce, "Ana ba ku abinci?"

"Ana ci, Kaka. Ba daɗi, amma ana ƙoshi."

Maman Allura ta tambayi sata. Yarinyar ta ce akwai masu yankan aljihu a motar haya, ita ma an taɓa ɗauke mata waya, amma ɗakin kwanan mata yana cikin harabar asibiti, da mai gadi a ƙofa. Ta ce harshen garin wuya gare shi, shekarar farko kowa sai ya yi kuka. Ta ce jiya ta karɓi haihuwar tagwaye, shi ya sa rigar ta zama haka.

Na karɓa na tambayi faɗin tagogin ɗakin kwana. Kowa da fanninsa.

Sai Yaya ya karɓi wayar da hannu biyu, kamar za ta zube. Ya ce, "'Yata, tambayata ɗaya ce. In wani abu ya faru, na kira wayarta ba ta ɗauka ba, wa zan kira?"

Yarinyar ba ta ce ba abin da zai faru ba. Ta ce, "Ni, Baba. In na gama na tafi, zan ba ka lambar wadda zan bar ta a hannunta. Haka aka yi wa babana. Har yau yana kiran wadda ta karɓe ni, ita kuwa tana can tana residansinta."

Yaya ya miƙa wa Allura wayar, ya jawo akwatin kayan aikinsa ya buɗe, ya rufe. Ya ce, "Jakar da za ki tafi da ita, zip ɗinta ya lalace. Kawo in duba."

Allura ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Uwar ta kama, Inna ta kama tana cewa ita fa har yanzu ba ta yarda ba.

Ki bari su gama. Sannan ki ajiye kofi ki ce, "To, alhamdulillahi, dabarata ta yi aiki. Da ban haɗa ku faɗa da ni ba, da yaushe za ku shirya?"

Mataki na 9: Ki kwashe ladan

A filin jirgi ki tsaya a tsakiyar kowane hoto. Ki yi wa yarinya nasiha da ƙarfi yadda masu layi za su amfana. Kada ki yi kuka, ƙwararru ba sa yi. Ni abin da ya same ni ragowar murar nan ce ta taso, har sai da wani ma'aikaci ya kawo min kujera.

Yaya ya bari sai da ta kai bakin ƙofar shiga. Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi a cikin mutane ba, ya ce, "Allura! Ki riƙa cajin waya!" Ta juyo tana dariya tana kuka, ta ɗaga masa cajar sama, ta shige.

Daga nan sai ki buɗe ofis. Duk wadda ta zo sayen labule ki gaya mata ke kika tura 'yarku karatun likita, bayan dogon bincike, har da na ɗakin gwaji. Ba ƙarya kika yi ba, ba ki dai faɗi abin da ake ajiyewa a ɗakin ba.

Ba ruwana

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Ba ruwana da mura, ko ɗan yatsan da ya daskare, ko albarkar da aka ce a dawo da ita. Ba ruwana in yayanki ya koma zuwa shagonki da rana tsaka ya zauna yana kwance fankar da lafiyarta ƙalau, don gidansa ya yi masa shiru. Ki ba shi kujera kawai, kada ki tambaye shi komai. Ba ruwana in yarinya ta kira a watan farko tana kuka ta ce a zo a ɗauke ta, washegari kuma ta kira tana ba ki labarin gawar da suka feɗe, ke kuwa kina tsakiyar cin abinci.

Kuma ba ruwana da abin da zai biyo baya in ta fara sanin aiki. Tamu ta zo hutu bana, ta rame, ta yi tsawo, tana magana da hannu kamar mutanen can. Ta jera mu a falo ta auna jinin kowa. Na Inna lafiya lau. Na Yaya kamar na saurayi. Da ta zo kaina ta auna, ta sake aunawa, ta cire abin daga kunne ta dube ni irin kallon manyan likitoci. Ta ce, "Goggo, jininki ya hau. Abu biyu za ki rage: gishiri, da shiga abin da ba ruwanki."

Gishirin dai na rage.